Sawu a Ƙarƙashin Bencin Maccido

Ranar Litinin ce, an idar da azahar ke nan, injin matse fatu na wani kamfani ya sauko wa wani ma'aikaci, Tambari, a gadon baya. Kamfanin yana can bayan gari, irin waɗanda suka tsiro a Sakkwato lokacin da kuɗin mai suka yi wa gwamnatin soja yawa har ta rasa inda za ta zuba su. Aikin injin ba wuya gare shi ba. A jibge jajayen fatun awaki a kan dandamali, faifan ƙarfe ya sauko rabi ya tsaya, mutum ya sunkuya ciki ya daidaita bakin fatun, ya fito, sannan a danna maɓalli faifan ya ƙarasa, a ɗaure dila. Ran nan faifan bai tsaya ba. Ko ƙara Tambari bai samu ya yi ba, Allah ya jiƙan sa.

Kafin a wanke jinin ma an riga an sami mai laifi. Kwana goma da suka wuce Maccido bakanike ya kwance silindar injin ya sa mata wani sabon abu da wani Bature ya kawo, abin da shi ne zai riƙa tsayar da faifan. Kuma kowa ya ji shi da kunnensa ranar da ya buge hannun Tambari daga kan kayan aikinsa, ya ce injin nan sai ya ci mutum in ba a daina taɓe-taɓe ba. To ga shi ya ci. Mutanenmu kuwa, in suka haɗa magana biyu suka ga ta zauna, ba su ƙara neman ta uku. Gwamnati na da hannu a kamfanin, don haka ba 'yan sanda suka zo ba, wani Kyaftin ne da sojoji huɗu. Ya ce zagon ƙasa ne, ya sa wa Maccido ankwa, ya ce ranar Asabar mota za ta kai shi gaban kotun soja. A wancan zamanin ba wanda ake yi wa bayanin inda irin wannan tafiya take ƙarewa.

Ranar Talata Tani, uwar Maccido, ta ajiye ƙwaryar furarta ta zo ta zauna a zauren Mode a Ƙofar Atiku. Mode tsohon maharbi ne, mai bin sawu, wanda a da in an kore shanu har daga Gwadabawa ake aiko masa da doki. Yanzu an malale gari da kwalta, ɓarayi sun koma shiga mota, shi kuma ya koma gyaran tarkon gafiya yana zagin zamani. Ya ce mata shi sawun mutum da dabba ya sani, inji ba ya da ƙafa. Ba ta yi masa gardama ba, ba ta kuma tashi ba. Da la'asar ta yi ya leƙo ya tarar tana nan yadda ya bar ta, hawaye na bin wuyanta ba ta ko sharewa, sai tausayi ya kama shi, ya kuma ji haushin kansa da ya bari tausayin ya kama shi.

“Tashi ki tahi gida, Tani,” in ji shi. “Gobe ni tahi in gani. Ban yi miki alkawalin komi ba.”

*

Ya tarar da kamfanin tsit, ma'aikata sun yi cirko-cirko a gindin wata bishiyar bedi, ba mai son shiga rumfar injin. Jibrin heluma, shugaban leburori, shi ya tarye shi. An yanke wutar injin tun ranar Litinin, amma Jibrin ya rantse faifan bai daina motsi ba. Mode ya ɗauka tsoro ne kawai, sai da ya tsaya a gabansa. Can cikin ƙarfen wani nishi ya fito, siriri, dogo, faifan ya zame ƙasa kamar faɗin yatsa ya tsaya. Tsikar jikinsa ta tashi. Ya sha kwana a dajin da kura ke kuka bai ji haka ba, ya yi ta'awizi a zuci bai bari an gani ba.

Shi Jibrin ma ana ƙus-ƙus a kansa, don maɓallin a hannunsa yake. Mode ya zaunar da shi ya yi ta jan sa da hira. Mutum uku suka shaida cewa lokacin da abin ya faru Jibrin yana bakin famfo yana wanke fuska, taku ashirin daga maɓallin. Amma akwai abin da ke cin sa, kuma bai daɗe ba ya amayar. Tun kwana uku da gama gyaran, in rana ta take mai ya yi zafi, faifan yakan yi fizga, ya wuce inda ya kamata ya tsaya da ɗan kaɗan. Bai gaya wa Maccido ba, don kada a tsayar da aiki manya su ce ya gaza. Sai ya karɓo rubutu wurin wani malami ya yayyafa wa injin, a zatonsa mutanen ɓoye ne aka gina rumfar a kan hanyarsu. Mode ya dube shi har ya sunkuyar da kai. Sakarci ne, sakarci mai nauyi, amma ba shi ne kisan ba.

Filin rumfar kuwa an tattake shi, sojoji da 'yan kallo sun bi ta ko'ina. Mode ya nemi a nuna masa inda aka kwantar da silindar ranar gyara. Wani ɗan keji ne na waya a kusurwa, ɗakin aikin Maccido, wanda ba mai shiga sai shi. A nan man da ya zuba ranar ya haɗu da gishirin fata da gashin awaki ya daskare. Mode ya durƙusa, ya karkata kai yadda haske zai zo masa a kwance. Sawun takalmin but na Maccido ne ko'ina, shiga da fita. A ƙarƙashin benci kuwa, inda tsintsiya ba ta kai, ga sawun ƙafa biyu ba takalmi. Mai su ya tsuguna ne, ya daɗe a tsugune, don dugadugansa sun nutse. Babban yatsan hagu ya buɗe ya yi nesa da 'yan'uwansa, irin na majema da suka tashi suna danne fata da yatsa suna karta. Mode ya karyo tsinke ya auna tsawo da faɗi, ya sa a aljihu.

Ya sa aka jera leburorin duka, mutum talatin da ɗaya, kowa ya tuɓe takalmi ya taka jiƙaƙƙen yashi. Shida daga ciki majema ne, yatsunsu a buɗe. Ba wanda ya yi daidai. Ya sake aunawa, ya auna Jibrin, ya auna har mai dafa musu shayi. Da suka gane sawun ba na kowa ba ne a cikinsu, sai wani dattijo ya fara salati a hankali, sauran suka ja da baya daga rumfar. Daidai lokacin injin ya sake yin nishinsa.

*

Wani tsohon saje da suka taɓa bin ɓarayin shanu tare shi ya bar Mode ya ga Maccido a gadurum, ɗakin da soja ke tsare mutane, ranar Alhamis da safe. Fuskarsa ta kumbura, amma da aka tambaye shi aikinsa sai bakinsa ya buɗe, har yana zane da yatsa a ƙasa.

Ya ce silindar tulu ce doguwa ta ƙarfe cike da mai, fistin na kai da kawowa a cikinta, shi ke tura faifan. A da ita ba ta san inda ta kai ba, sai mutum ya tsaya riƙe da liba, sandar tsayar da faifan, yana kallo. Abin da Bature ya kawo, ya koya masa, ya tafi hutu ya bar shi da shi, wata siririyar sanda ce da suke kira sansa. Ta gindin silinda ake ɗaura ta, ta shige cikin ramin da aka huda a tsakiyar fistin, ba ta taɓa komai. A kan fistin kuma ana ɗaura zobe mai ƙwayoyin mayen ƙarfe guda huɗu, kowace kamar ƙwallon dabino. Duk inda zoben ya kai a jikin sandar, sandar za ta ji, ta gaya wa akwatin wuta, akwatin ya tsayar da mai. Ya ce ya bi takardar Bature layi-layi. Ya sa wasa, wani ɗan faifan tagulla mai huji, tsakanin zoben da fistin don kada ƙarfe ya shanye ƙarfin mayen, ya ɗaura da sukurorin da ba na baƙin ƙarfe ba, ya goge sandar, ya duba robar da ke hana mai yoyo. Nishin da ake ji kuwa ya ce mai ne ke zurarewa a hankali don an kashe injin faifan na rataye. Mode ya ji bayanin, amma tsikar jikinsa ba ta yarda ba.

Ya tambaye shi ko ya taɓa barin kayan a buɗe. Maccido ya ce sau ɗaya. Ranar Juma'a ce aka yi aikin. Da safe ya gwada ƙwayoyin nan da ƙusa, huɗun duka sun kama. Yana shirin ɗaurawa motar kamfani mai kai su masallaci ta yi oda, ya rufe zoben da tsumma a kan benci ya fita. Da suka dawo Jibrin na tsaye a kansa yana azalzala, sai ya kifa zoben ya ɗaure.

“Ban sake gwadawa ba, Baba,” ya ce. “Wanga ɗai na laihina. In sun buɗe ta su gani, ko mi na na, ni yarda. Amma ba su buɗewa.”

*

Wanda ba ya zuwa Juma'a a kamfanin mutum ɗaya ne, Bawa maigadi. Mode ya same shi a bukkarsa, kuma tun kafin ya zauna ya hango guntayen tagulla da waya a cikin wani buhu a bayan randa. Bawa ya rikice, ya fara rantse-rantse, ya ce abin da aka zubar ne yake tsinta ya kai wa maƙera. Mode ya ce ya miƙo ƙafa. Doguwa ce, shimfiɗaɗɗiya, yatsu a haɗe, ko kusa ba ta kama hanya ba. Ɓarawon bola ne kawai, kuma Mode ba bola ta kawo shi ba. Game da ranar Juma'ar, Bawa ya ce bai ga kowa ba, ya kuma faɗe ta da sauri fiye da yadda ya kamata.

Mode ya fito yana jin kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Kwana biyu suka rage, ga sawu a hannunsa ba mai shi. Ya nufi famfo zai yi alwala, sai idonsa ya faɗa kan wasu takalma na taya a kan katangar masallacin kamfanin, an ajiye su gefe guda, ƙura ta hau su. Ya tambaya, aka ce na marigayi ne. Sun zame daga ƙafarsa ranar, wani ya ɗora su nan, ba wanda ya iya kai su gida.

Ya daɗe bai taɓa su ba. Da ya sauko da na hagun, ya ga yadda shekaru suka ci robar, gurbin dunduniya, gurbin yatsu, da gurbin babban yatsa can gefe shi kaɗai har ya lanƙwasa bakin takalmin. Ya ɗora tsinkensa. Bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ashe duk kwanakin nan mamaci yake bi.

Ya koma wurin Bawa da takalmin a hannu. Wannan karon maigadin bai yi rantsuwa ba, kuka ya fashe da shi. Ya ce ran Juma'ar motar masallaci ta kai bakin ƙofa Tambari ya diro, wai ya manta tasbaha. Ya tuɓe takalmansa na Juma'a a ƙofar rumfa don kada mai ya ɓata su, ya shiga, ya daɗe, ya fito ya bi su a kan keke. Ya ce ƙaƙa zai ɗora wa mamaci magana, mutumin da ko kwana bakwai bai yi a ƙasa ba?

*

Gidan Tambari a Mabera yake, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Mode ya je da yamma a matsayin mai gaisuwa. Shekarunsa suka sa aka shigar da shi, ya zauna daga bakin ƙofa. Matar marigayin, Uwani, tana kan tabarma cikin takaba, ga ƙaramar wuƙar masu takaba a gefenta, ga ciki ya fito sosai. Kusa da ita wata tsohuwa ce, Balaraba ungozoma, wadda ta riƙe bakin magana ba ta saki ba. Daga bakinta Mode ya ji cewa wannan ne ciki na biyar. Huɗu sun zube, duk a wata na huɗu ko na biyar, ana ji ana gani. Wannan kuwa ya shiga na bakwai, kuma da ya fara barazana makonni biyu da suka wuce, an yi dabara ya zauna.

Uwani kuwa ɗinki take yi, wata 'yar riga da ba ta fi tafin hannu ba. Zare ya ƙare, ta saki allurar a cinyarta za ta warware wani. Allurar ba ta zauna ba. Ta mirgina a kan zane, ta hau, ta manne a ƙugunta ta tsaya a tsaye. Uwani ta cire ta ba tare da ta duba ba, yadda mutum ke yi da abin da ya saba.

Balaraba ta ga inda idon Mode yake, ta yi murmushi irin na mai alfahari da aikinta. Ta ce ai dabarar ke nan. Ita ta ce a nemo mayen ƙarfe a ɗinke a fata a ɗaura mata a ƙugu, abin da ke riƙe ƙarfe ba zai kasa riƙe ɗa ba. An nema a kasuwa ba a samu mai ƙarfi ba, sai ga marigayi ya shigo da shi ranar wata Juma'a, ya ɗinke da hannunsa. Tun daga ranar ko ɗigon jini ba a ƙara gani ba.

Mode ya yi addu'a ya fita. Ya kai har bakin titi, ya tsaya, motocin zamani na wucewa suna watsa masa hayaƙi. A ransa ya ce ya bar ta mana, ya je da takalmi da tsinke, wataƙila su isa. Amma ya san Kyaftin, ya san ba za su isa ba. Ya tsine wa ranar da ya leƙa zaure ya ga Tani, sannan ya juya.

Ya nemi Balaraba ta ba su wuri, ta koma bakin murhu tana kunne. Bai yi kwana-kwana ba. Ya gaya wa Uwani zoben da ƙwayoyinsa huɗu, da sawun, da takalmin, da motar da za ta tashi ranar Asabar. Ya ce mijinta bai nufi kowa da sharri ba, ya ga huɗu ne ya ɗauka uku za su isa, bai san da ukun injin zai kasa tsayar da faifan ba. Tana saurare, hannunta ya tafi ƙugunta ya dafe.

“Baba, cewa kaka yi abin da ar riƙe min ɗa shi ya kashe ubanai?”

“Abin da ƙasa tag gwada min ke nan, ɗiyata.”

“In na kwance shi hwa?”

“Ban sani ba. Ni ba likita ba, ba malami ba. Rayuwa ta Allah ta. Ban zo in amshe shi ba, kuma ba ni hwaɗin sunanki gaban soja. Na zo ki sani, don kar ki ji daga baya ki ce na ɓoye miki.”

Balaraba ta taso tana masifa, ta ce tsohon banza ya zo ya kashe na biyu bayan an binne na farko. Uwani ba ta ɗago ba. Ya bar gidan ba tare da ta ce masa ko sai an jima ba.

*

Kyaftin ya yarda a taru ranar Asabar da hantsi ne kawai don Mode ya aika masa cewa akwai hannu na biyu a cikin lamarin, shi kuwa yana son ya tafi da mutum biyu maimakon ɗaya. Aka tara ma'aikata a rumfar, Jibrin da Bawa a gaba suna zufa, Tani a rakuɓe a bakin ƙofa. Aka sauko da Maccido daga mota, aka cire masa ankwa, soja na tsaye a kansa da bindiga. Aka tokare faifan da gungume, Maccido ya zuƙe man a durom, ya kwance sandar sansa ya zaro ta a hankali ya shimfiɗa a kan buhu, sannan mutum shida suka taya shi jawo fistin. Ya ɗauki fiye da awa guda, ba mai tari.

Da zoben ya fito ya juya shi. Gurabu huɗu, duka baƙaƙe, duka a cike. Mode ya miƙa masa ƙusa. Ta kama a na farko, ta kama a na biyu da na uku, a na huɗu ta faɗi ƙasa. Mode ya sa bakin wuƙa ya ƙwaƙulo abin da ke ciki, ya matse man da yatsa, ya warware shi. Jar fatar akuya ce, an yanka ta siriri an naɗe tam an cusa, yankan gwani. Rumfar ta ɗauki salati.

Mode ya nuna sawun, ya nuna takalmin, ya sa Bawa ya maimaita abin da ya gani. Kyaftin ya saurara yana kaɗa sandarsa a ƙafa, da aka gama ya yi dariya. Ya ce wato an rasa wanda za a ɗora wa sai wanda ba zai iya musu ba. Wa ya ce ba bakaniken ne ya cire ya sayar ya toshe ramin ba? Fata kuwa ai kamfanin fata ne, ko'ina akwai ta. Shi ba zai shiga kotu da takalmin taya da tsinke ba.

“Ina ƙwayar take?” ya tambayi Mode. “Ka ce kai mai bin sawu ne. Ka bi ta har ina?”

Mode ya ji idon Tani a bayan wuyansa. Ya san gidan, ya san ɗakin, ya san ƙugun. Ya buɗe baki, ya ga 'yar rigar nan da ba ta fi tafin hannu ba, ya rufe. Ya ce sawun ya ɓace masa. Ita ce ƙarya ta farko da ya taɓa yi a kan aikinsa, kuma ta yi masa ɗaci. Kyaftin ya ce a mayar da ankwa.

Sun kai Maccido bakin mota ke nan mutane suka fara darewa daga ƙofa. Uwani ce, lulluɓe da mayafin takaba, ƙafafunta sun yi furu-furu, Balaraba na biye tana roƙon ta da Allah da Annabi ta koma. Ba ta dubi injin ba, ta kewaye shi da nisa. Ta tsaya a gaban benci ta ce a nuna mata ramin, tana so ta gani da idonta.

Aka dawo da Maccido, ya ɗago zoben da hannayensa masu ankwa. Ta juya wa maza baya, ta sa hannu cikin mayafi da 'yar wuƙarta, aka ji tsinkewar igiya. Ta farke ɗinkin layar da kanta, ɗinkin mijinta, ƙwayar ta faɗo a tafinta baƙa wuluk. Ta kai ta kusa da ramin, Maccido ya tura ta da babban yatsa, ta shige ta zauna daram kamar ba a taɓa cire ta ba. Ya ɗora ƙusa, ta kama.

“Shi na,” ta ce. “Don ni yay yi. Ku sake wanga bawan Allah.”

Kyaftin ya daɗe yana duban zoben, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce a cire ankwar. Tani ta zube a ƙasa ta rungume ƙafafun ɗanta, shi kuwa Maccido Uwani yake kallo. Kyaftin, da muryar da ba a san shi da ita ba, ya ce a kai matar gida a mota. Ta ce a'a, mota na girgiza. Ta tallafe ƙasan cikinta da hannu biyu, inda igiyar take a da, ta juya ta fita a hankali, Balaraba na kuka a gefenta.

Ba wanda ya lura lokacin da Mode ya bar rumfar. Ya ba ta tazarar taku talatin ya bi bayanta, ba a kan kwalta ba, ta gefen hanya inda take takawa a kan yashi. Kansa a sunkuye, yana karanta kowane taku, ƙanana, a buɗe, masu nauyi a dunduniya. Duk tsawon rayuwarsa in ya bi sawu fata yake ya ga jini, don jini ke cewa an kusa. Yau kowane baƙin ɗigo da ya hango sai gabansa ya faɗi, ya durƙusa ya taɓa, ya tarar man mota ne ko tofin goro, ya miƙe yana hamdala ya ci gaba. Haka suka ratsa rana tsaka har Mabera. Ta shiga gida ba ta waiwayo ba.

Ya duba dokin ƙofar, ya duba ƙasar zauren, ba komai sai sawunta. Ya zauna a dakalin gidan da ke kallon nasu, ya ƙirga watannin cikinta a yatsa. Saura wata biyu.